Na Je Rakiya, Na Dawo Da Katina

Shekarun baya, lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Jega, babu darasin da nake ji da shi kamar na gado. Ba gadon gona da gida ba, gadon jini: yadda ɗa ke ɗauko tsawon ubansa ko wushiryar uwarsa. In muka zo wannan babi har tafiyata a gaban allo takan canza. In zana akwatuna huɗu, in sa dogon wake a nan, gajere a can, in juyo in ce wa ɗalibai, "Rabi daga uwa, rabi daga uba. Duk wanda ya manta wannan, kada ya ce ni na koyar da shi." Shekara tara ina maimaita wannan magana. Ashe ni ne zan fara manta ta.

Mu biyu ne a wajen mahaifiyata, ni da yayata. Mahaifinmu mutumin Mungadi ne, ya rasu a haɗarin mota ina aji uku na firamare, saboda haka danginsa ba mu shaƙu da su ba, sai gaisuwar Sallah da ta'aziyya. Mahaifiyata 'yar Sabiyal ce, a cikin danginta muka tashi, kuma a lokacin tana zaune tare da ni a Jega. Yayata tana aure a Aliero. Mijinta manomin albasa ne, ita kuma ita ke kula da ajiya. Da hannu kawai take taɓa albasa ta gaya maka wadda za ta kai damina da wadda za ta ruɓe kafin mako. Shekararta arba'in da ɗaya, 'ya'ya biyar, ba ta taɓa kwanciya asibiti ba. Ita ta goya ni, shi ya sa har yau in ta kira ni "Malam" na san da tsokana a ciki.

Matata ce ta fara sani. Ta je suna Aliero, da ta dawo da yamma ta same ni ina duba littattafan ɗalibai, ta zauna kusa da ni.

"Yaya ta nuna mini wani abu," ta ce. "Ƙullutu ne a mamanta na hagu, kamar ƙwallon dabino. Wata uku ke nan. Ba ya mata ciwo, wai shi ya sa ba ta damu ba, tana dai shafa wani magani da aka haɗa mata. Ta sa na yi alkawari ba zan gaya wa Inna ba."

"Ni fa?"

"Ba ta ambace ka ba."

Washegari na hau babur na nufi Aliero. Lokacin cire albasa ne, gari duk ya cika da buhuna da manyan motoci. Na same ta a rumfar ajiya tana tsince masu tabo tana jefawa gefe. Duk wanda ya tashi a inda muka tashi ya san nauyin abin da na je yi. Yaya za ka yi wa wadda ta goya ka maganar ƙirjinta? Na tambayi yara, na tambayi kasuwa, na tambayi zafi, har na koma na sake tambayar yara.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ba gaisuwa ta kawo ka ba. Matarka ta faɗa maka ko?"

Na ce eh, kaina a ƙasa.

"To kwantar da hankalinka. Wanga ciwon da kake tsoro gado ne, kai ma ka sani. Inna lahiyarta lau. Uwar Inna sai da ta ga tattaɓa-kunne. 'Yan'uwan Inna mata duk suna nan. Ina zan samo shi?"

Ni kuma, malamin gado, na gyaɗa kai na ce gaskiya ne. Har na ji sanyi a raina. Abin da na iya ce mata kawai shi ne mu je a duba don hankalin kowa ya kwanta. Mijinta da ya shigo ya ji abin da muke ciki ya ce ko yau ne a tafi, shi dama ya gaji da roƙonta. Ganin mun zama biyu, ta ce to, bayan an gama ɗaukar kaya. Muka ƙi. Aka tsayar da ranar Litinin.

A babban asibiti a Birnin Kebbi muka ga likita, mace ce mai magana a hankali, ba za ta girme ni da yawa ba. Ta duba yayata ina waje, aka yi hoto, aka ce za a ɗebi ɗan nama daga ƙullutun a aika gwaji. Sannan ta ce ɗan rakiya ya shigo. Na shiga da babbar rigata da biro a aljihu, a shirye nake in taimaka wa likita da bayani.

"Akwai wadda ta taɓa yin ciwon daji na mama a danginku?"

Kafin yayata ta buɗe baki na amsa. "Babu, likita. Mahaifiyarmu, kakarmu, innoninmu, duk lafiya."

"Wannan wajen uwa ke nan. Wajen uba fa?"

"Ai na ɗauka tunda ciwon mata ne…"

Ban ƙarasa ba. Ta tambaye ni aikin da nake yi. Da na faɗa mata, ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata da alheri, murmushi kawai ta yi ta ce, "To Malam, ai kai za ka tuna mini. Nawa daga uwa, nawa daga uba?"

Ban taɓa jin babbar riga ta yi mini nauyi kamar ranar ba.

Ta yi mana bayani a sauƙaƙe, saboda yayata. Ta ce a jikin kowa akwai wasu ƙwayoyin gado da aikinsu gyara ne, in wani wuri a jiki ya fara lalacewa su gyara shi kafin ya zama daji. Kowa yana da guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A wasu gidaje ɗayan yakan zo da tangarɗa. Namiji yana iya ɗauke da ita har ya bar duniya bai sani ba, amma ya miƙa wa 'yarsa. Ta ce yawancin matan da ke kamuwa ba gado suka yi ba, sai dai in ciwon ya zo wa mace da sauran ƙuruciyarta, dole a tambayi tarihin gida.

Yayata ta yi ɗan tunani ta ce ta san dai Baba bai tashi da uwarsa ba, kuma yana da wata 'yar'uwa da ta rasu da wuri. Abin da ya kashe su, babu wanda ya taɓa faɗa mana. Likita ta ɗauki farar takarda ta zana mini da'ira a madadin mata, akwati a madadin maza, ta ce in je in sami babba a dangin uba in cike: wa ya rasu, yana da shekara kamar nawa, da wane ciwo.

Na miƙe zan fita ke nan ta ce, "Tsaya, Malam. Matso kusa da taga."

Ba idona take kallo ba, gefen idona take kallo. Ina da wasu 'yan tabo ruwan ɗorawa a fatar ido, kusa da karan hanci, tun ina ɗan shekara talatin suka fito. Na yi dariya na ce ai wannan farin kwallin gidan su Inna ne. Haka ake kiransa a Sabiyal. Mahaifiyata tana da shi, kawunaina biyu suna da shi, har alfahari ake yi da shi, a ce jini ba ya ɓuya.

"Kawunan naka suna nan?"

Na ce sun rasu. Ɗaya a gona ya faɗi, fartanya a hannunsa, bai kai hamsin ba. Ɗayan bayan la'asar ya zauna a kan tabarma ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a kawo masa ruwa ya cika. Mahaifinsu ma haka aka ce ya tafi, farat ɗaya. Ina faɗa ina jin maganar tana canza kama a bakina. Duk rayuwata na san waɗannan mutuwa uku, amma ban taɓa jera su a layi ɗaya ba sai a ɗakin nan.

Likita ta ce wannan ba kwalli ba ne, kitse ne ya taru a ƙarƙashin fata. A jikin wasu ba ya nufin komai. Amma in aka haɗa shi da maza uku da zuciya ta ɗauke da wuri, ba za ta bar ni in fita haka ba. Ta ce hanta ce ke tsince kitse daga cikin jini, a wasu gidaje kuma ana gadon hanta mai jinkirin wannan aiki tun daga haihuwa. Kitsen ya yi ta taruwa a hanyoyin jinin zuciya shekara da shekaru, mutum yana yawonsa bai sani ba.

"Likita, dube ni fa. Ni siriri ne. Har ƙwallo nake bugawa da ɗalibai."

"Kawunan naka masu ƙiba ne?"

Manoma ne, jikinsu kamar icen gatari. A nan yayata ta yi dariyarta ta farko a ranar, ta ce, "Likita, a duba mini shi da kyau, shi kaɗai gare ni." Haka aka yanka mini kati, aka ɗebi jinina. Na shiga asibiti ɗan rakiya, na fito da lambata.

Ranar Asabar da safe na bi hanyar Maiyama na gangara Mungadi wajen gwaggona, yayar mahaifinmu, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta haura saba'in da biyar a lokacin. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kirana sai da Babana. Na same ta a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa da wasu mata biyu. Aka dama mini fura, aka yi ta gaisuwa. Da na fito da takardar na fara tambaya, fuskarta ta rufe.

"Babana, mi ya kawo tonon waɗanda sunka riga mu? Kwanansu ya ƙare, sunka tahi. Sha furarka."

Na sha furata. Na yi niyyar in yi mata wayo, in ce aikin makaranta ne, sai na ji kunyar yi wa tsohuwa ƙarya. Na rage murya na ce, "Gwaggo, Yaya ce ba ta da lafiya."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta dubi matan nan ta ce su ba ta wuri. Da suka tafi ta ce, "Wane gefe?"

Ban gaya mata a ina ciwon yake ba. Ita ta tambaya.

Daga nan ba sai na sake tambayar komai ba. Ta ce uwarsu ta rasu mahaifina yana rarrafe. Nono ne ya kumbura ya fashe, aka ce jifa ce. Ita ta yi jinyarta tana da shekara goma sha biyu, ita ke wanke tsummokaran. Bayan shekaru ƙanwarta mai bi mata ta kamu, tana da 'ya'ya uku, ba ta kai arba'in ba. Akwai kuma wata 'yar ƙanwar uwarsu a Maiyama, ita ma haka.

"Ƙanwata ɗakin baya munka sa ta. In baƙi sunka zo mu ce ta tahi unguwa. Tana jin mu. Tsoro muke yi kar a ce gidanmu na da mugun jini, 'yan matanmu su rasa masu nema. Ubanka ma ba mu faɗa mashi gaskiya ba, munka ce ciwon ciki ne."

Na cike da'ira uku da baƙin biro. Sannan na ce, "Ke fa, Gwaggo?"

"Ni? Tun ranar da munka rufe ƙanwata ban taɓa yin wanka ban laluba ba. Shekara arba'in da wani abu ina jiran shi. Bai zo ba. Na rasa mi niy yi da su ba su yi ba."

Na ce mata ba abin da ta yi. Uwa mai ɗauke da abin tana iya miƙa wa wannan ɗa ta tsallake wancan, kamar rabi da rabi ne, ba ruwansa da halin mutum ko ibadarsa. Wata ma takan ɗauka ya kwanta a jikinta har tsufa bai tashi ba. Ta ture ƙwaryar gyaɗar gefe.

"Ashe ba wayona ba ne," ta ce. "Ba kuma laifinsu ba ne."

Bayan mako uku sakamakon yayata ya fito. Daji ne. Likita ta ce an ci sa'a bai yi nisa ba, amma sai an je Sakkwato an cire maman, sannan a bi da ruwan magani na wasu watanni. Yayata ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, muka fito. Sai a mota ta ce ba za ta yi ba. Yadda Allah ya halicce ta haka za ta koma gare shi, ba za a rage mata komai ba.

Mijinta ya yi magana har ya gaji. Ni na kwaso duk karatuna na zube mata, ta ce in ajiye wa ɗalibaina. Dole aka gaya wa mahaifiyata, ta zo ta yi kuka, yayata ta koma tana lallashinta. Kwana goma muna haka, ita kuma tana rumfarta tana tsintar albasa kamar ba ita ake magana a kai ba.

Rana ta sha ɗaya, da azahar, wata motar haya ta tsaya a ƙofar gidan yayata a Aliero. Gwaggo ce ta fito da ɗan ƙullin kayanta, ashe labari ya kai mata. Matar da ta yi shekaru ba ta wuce kasuwar Maiyama ba. Ko ruwa ba ta tsaya sha ba, ta kama hannun yayata suka shiga ɗaki, aka saki labule. Daga azahar har la'asar. Muna zaune a zaure ni da mijinta, ba mu jin komai.

Daga baya yayata ta gaya mini abin da ya faru. Ta ce Gwaggo ba ta lallashe ta ba ko kaɗan. Labarin uwarta da ƙanwarta ta ba ta tun daga farko har ƙarshe, ba ta rage komai ba, har warin ɗakin. Sannan ta ce, "Na wanke uwata, na wanke ƙanwata. Su babu wanda ya ce masu ga hanya. Ke an nuna maki. Ba ni wanke ki, ɗiyata. Ke za ki wanke ni."

Da labule ya buɗe, yayata ta fito idanunta jajur, ta dubi mijinta ta ce, "A nemi mota."

Aka yi tiyata a Sakkwato, aka fara ƙarin ruwan magani duk bayan mako uku. Ba zan ce da sauƙi ba. Gashinta ya zube, farcenta ya yi baƙi, ta rame har zobenta yana zamewa. Abin da babu wanda ya zata shi ne warin albasa. Matar da ta yi shekara ashirin a cikin albasa, ta koma ko daga nesa ta jiyo sai amai. A Aliero kuwa ina za ka ɓuya? Dole ta dawo gidana a Jega, matata ta daina sa albasa a miya har tsawon wata biyar. Gwaggo ta ƙi komawa Mungadi, aka shimfiɗa mata katifa a ɗakin mahaifiyata.

A nan zan faɗi abin kunyata. Sakamakon jinina ya fito tun kafin nata. Na karɓa, na duba, na ga lambar kitsen ta yi sama fiye da yadda na zata, na ninke takardar na cusa a cikin littafin koyarwa. Kusan wata huɗu tana can. Ina ta yi wa yayata wa'azin kada ta ji tsoron asibiti, ni kuma in na bi ta gaban ɗakin likitar nan sai in ƙara sauri. Na gaya wa kaina wai sai an gama da nata. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Shekarata talatin da bakwai, kawuna na farko yana da arba'in da 'yan kai ya faɗi, in na kwanta hutun rana sai in kama kaina ina ƙirga tazarar.

Ana gobe za a koma ƙarin ruwa na uku, yayata tana kwance a tabarma a tsakar gida ta ce, "Malam, ina taka takardar?"

Na ce ai ba wani abu ba ne.

"To nawa ma ba wani abu ba ne. Gobe ba ni zuwa."

Na san ta. A makon nan na kai takardar. Likita ta duba ta ce abin da ta yi zato ne. Rage mai da motsa jiki za su taimaka, amma ba za su isa ba, tunda matsalar daga hanta take. Ta ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya kullum, ta ce in na riƙe ta da gaske ba dole ne in bi hanyar kawunaina ba. Aka gwada mahaifiyata, ita ma nata ya yi sama, aka ba ta magani. Aka gwada yayata, nata lafiya lau. Uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta ɗauko na Mungadi ta tsallake na Sabiyal. Ni na ɗauko na Sabiyal, na Mungadi kuwa ban sani ba. Likita ta ce akwai gwajin da ke nuna ainihin ƙwayar gadon, amma nesa ake aika shi, ba mu samu yi ba. Ta ce tarihin gidan kaɗai ya isa a sa ido a kan 'ya'yan yayata mata tun da wuri, da nawa 'ya'yan mata biyu, tunda ni ma ina iya ɗauke da shi kamar yadda Baba ya ɗauka.

Mahaifiyata ce abin ya fi taɓawa. Tun da ta ji labarin Mungadi take ɗan ja baya da Gwaggo. Na taɓa jin ta tana gaya wa matata a madafa cewa da ta sani… ba ta ƙarasa ba. Ranar da na dawo da maganinta da nawa, ta riƙe kwalin tana juyawa, ta kai yatsa gefen idonta.

"Ashe ni na ba ka," ta ce. "Ina ta kallon gidan wasu."

Gwaggo ce ta amsa daga kan katifarta.

"Mu munka kawo namu, ku kunka kawo naku. Wa ya zaɓa? Ke dai kin ba shi wanga dogon hancin ma, bai yi ƙara ba."

Mahaifiyata ta yi dariya tana share hawaye. Daga ranar tare suke cin abinci a kwano ɗaya.

Yayata ta gama magani kafin Babbar Sallah. A taron Sallar ta tara matan dangin uba a ɗaki, 'ya'yanta da jikokin Gwaggo da na marigayiyar ƙanwarta, ta cire mayafi ta nuna musu tabon tiyatar. Ta koya musu yadda za su duba kansu, ta ce duk wadda ta ji wani abu ta ɓoye, ita da ita ne. An yi gunaguni a waje, wasu suka ce ta tona asirin gida. Ta ce asirin ya ci mata uku, ya isa.

Ni aka bar wa Sabiyal. Na tara 'ya'yan kawunaina a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida na yi musu bayani. Uku suka bi ni asibiti, biyu aka samu da shi, ɗaya babu. Babban cikinsu kuwa, ɗan kawun da ya faɗi a gona, wanda farin kwallinsa ya fi na kowa fitowa, ya saurare ni da ladabi ya ce, "Ɗan'uwa, na gode. In kwana ya ƙare, ƙwaya ba ta ƙara shi." Na ce ai wanda ya saukar da ciwon shi ya saukar da maganin. Ya ce haka ne, ya kawo mini rake. Bai je ba.

Yanzu shekara takwas ke nan. Yayata ta koma rumfarta, hancinta ya shirya da albasa, tana zuwa dubawa duk shekara. Ni ina shan ƙwayata, lambar ta sauko, na wuce shekarun kawuna na farko. Mai tsiren bakin tasha, tunda na daina saye a wajensa, har yau yana gaishe ni da fuskar wanda aka ci amanarsa. Gwaggo ta rasu bara da damina, bayan gajeriyar jinya. Da na je duba ta ta ce mini, "Babana, in anka tambaye ka, ka ce tsufa ne." Yayata tana cikin waɗanda suka yi mata wanka.

In na waiwaya, abin da ya fi tsaya mini shi ne babu wani sabon ilimi da likitar nan ta ba ni. Tambaya kawai ta yi. Amsoshin suna cikin gidanmu tun kafin a haife ni, wasu a bakin wata tsohuwa a Mungadi, wasu a kan fuskata. Mukan san gonar da kakanmu ya bari da iyakarta, amma ba mu san abin da ya kwantar da shi ba, kuma mun ɗauki tambayar rashin kunya ce. Ban ce duk gidan da aka yi ciwon zuciya ko na daji gado ne ba. Ban kuma ce wanda ya gada lallai sai ya kamu ba. Abin da na gani da idona shi ne wanda ya sani da wuri yana da abin yi. In kuna da tsofaffi a gida, ku zauna da su tun suna nan, ku tambayi ɓangaren uwa, ku tambayi na uba.

Ɗan kawun nan nawa har yau bai je ba. Duk Sallah sai na yi masa magana, duk Sallah sai ya yi murmushi ya canza zance, na kuma daina jin haushinsa. Watan jiya, ranar wata Asabar da hantsi, na ji sallama a ƙofar gida. Na fito na same shi tsaye da 'ya'yansa mata biyu, babbar ta yi aure, ƙaramar tana karatu a jami'ar Aliero. Na ce su shigo, ya ce sauri yake yi, yana da ban-ruwa a fadama.

Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa, ya ce, "Ni dai ka bar ni yadda nake. Amma waɗannan, ka kai su."